CS50: kwas ɗin da na auna kaina da shi kafin in cike fom ɗin sauya sashe

Wata biyar fom ɗin sauya sashe ya yi a cikin jakata, a naɗe tsakanin littafin gwaje-gwaje da kalkuleta, har gefensa ya fara yagewa. Ina shekara ta biyu a jami'a, ina karanta ilimin halittu, kuma na riga na saka wa raina cewa ba nan ne wurina ba. Kimiyyar kwamfuta nake so, in fito injiniyar manhaja. Da ka tambaye ni dalili a lokacin, da na jero maka abin da kowa ke jerowa: akwai samu, ana iya aiki daga gida, kamfanoni na nema. Abin da zan ɓoye maka shi ne ban taɓa rubuta layi ɗaya na kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, ba tun da nake.

Yayana ne ya taka mini birki. Ranar da na nuna masa fom ɗin, ya karanta, ya miƙo mini abina, ya ce, "Ke, kin taɓa yin aikin nan ko na awa ɗaya?" Na ce a'a. Ya ce, "To riƙe takardarki. Je ki yi CS50. In kin wuce mako na biyar ki dawo mu yi magana." Na ce, "Yaya, mene ne kuma CS50?" Ya ce in je in nema. Haka yake, ba ya son dogon bayani.

CS50 kwas ne na shiga kimiyyar kwamfuta da jami'ar Harvard ta Amurka ke koyar da ɗalibanta, kuma tun 2012 aka buɗe shi ga duk mai so ta dandalin edX da sunan CS50x. Laccocin da jingar duk kyauta ne, kuma ba a tambayarka wace takarda gare ka. Malamin da ke jan kwas ɗin tun 2007 shi ne David Malan, kuma abin da ya fara jawo hankalina labarinsa ne: shi ma da ya shiga Harvard harkar gwamnati da siyasa ya nufa, sai a 1996 ya ɗauki wannan kwas ɗin a hannun Brian Kernighan, daga nan ya juya akala zuwa kwamfuta. Na ce to, ashe dai wanda ya taɓa riƙe irin fom ɗina ne zai koyar da ni.

Daga mako na sifili ake farawa, ba na ɗaya ba, don masu kodin daga sifili suke ƙirga. A makon nan Scratch ake yi, wata manhaja da aka ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka wadda ake jera tubala masu launi kamar wasan yara, mage ta yi tafiya ta yi kuka. A laccar ne Malan ke ɗaukar littafin lambobin waya ya yaga shi biyu, ya jefar da rabi, ya sake yaga abin da ya rage, don ya nuna cewa littafi mai shafi 1000 ba ya buƙatar a bi shi shafi-shafi. Yanka goma kacal za su kai ka ga sunan da kake nema. Na kalli wannan sau biyu. Daren nan na kwanta ina jin ai ni an haife ni ne don kwamfuta.

A nan ne nake so mai karatu ya yi hattara, domin tarkon kwas ɗin yana cikin kyawunsa. Laccocin sun haɗu. A babban zauren Sanders ake ɗaukar su, da kyamarori da fitilu kamar shirin talabijin, malamin yana zirga-zirga a kan dandamali yana gumi, yana kiran ɗalibai su hau su riƙe lambobi a jera su. Kowace lacca takan kai awa biyu ko fiye, amma ba ka jin tsawonta. Mutum zai iya kallon su duka, ya ji daɗi, ya ɗauka kodin yake so, alhali kallon Malan yake so. Ni kaina makonni biyu na yi cikin wannan ruɗin. Jingar ce ta farkar da ni.

Mako na ɗaya aka jefa mu cikin C, yaren kwamfuta da Dennis Ritchie ya ƙirƙira a farkon shekarun 1970. Jingar makon mai suna Mario ba ta da wani girma a ido: ka sa kwamfuta ta zana matattakala da alamar #, layin farko ɗaya, na biyu biyu, har zuwa tsawon da mai amfani ya nema, amma a jingine ta hannun dama. Na ce wannan ai kafin in gama gyara zama. Awa huɗu na yi. Sau uku kwamfuta ta ƙi karɓar abin da na rubuta saboda na manta waƙafi mai ɗigo a ƙarshen layi, ɗan hakin da ka raina ke nan. Da ta karɓa kuma sai matattakalar ta fito a kife. Sai da na ɗauki biro na zana ta a takarda, na ƙirga guraben da ke gaban kowane layi, sannan na gane cewa gurabe raguwa suke yi yayin da alamomin ke ƙaruwa. Da ta fito daidai na yi ihu ni kaɗai a ɗaki.

Kayan aikin da suka tanadar sun cancanci yabo. Ba sai ka girka komai a kwamfutarka ba. Da asusun GitHub, dandalin da masu kodin ke ajiye aikinsu, kake shiga wurin rubuta kod ta burauza, komai a shirye. Akwai check50 da ke duba aikinka nan take, ya jero maka koren murmushi a inda ka dace, jar ɓata fuska a inda ka kuskure. Akwai style50 mai gyara maka tsarin rubutu, da debug50 mai bin kod ɗinka layi-layi kana kallon yadda lambobi ke canzawa. Sai agwagwa. Masu kodin suna da wata ɗabi'a ta ajiye agwagwar roba a kan tebur su riƙa yi mata bayanin matsalarsu da baki, don sau da yawa cikin bayanin ne mutum ke gano kuskurensa. A 2023 CS50 ya mayar da tasa agwagwar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambaya. Tana da taurin kai mai amfani: ba ta rubuta maka amsa, sai dai ta ce duba layi kaza, me kake tsammanin zai faru a nan? Kuma tambayoyinka a ƙirge suke, in ka yawaita sai ka jira. Dokar kwas ɗin ta hana ka kai jingarka wurin ChatGPT da ire-irensa. Babu mai tsaye a kanka, gaskiya, amma wanda ya zo don ya auna kansa in ya yi satar amsa kansa ya cuta.

Abu biyu za su iya wahalar da mutum. Komai da Turanci ne, kuma malamin yana da saurin baki. Ni rage gudun bidiyon nake yi in kunna rubutun ƙasa. Sannan tun da wurin aikin a intanet yake, in layi ya yanke aiki ya tsaya.

Mako na biyu da na uku zan wuce su da sauri, jeri ne da ɓoye saƙo da hanyoyin tsara lambobi daga ƙarami zuwa babba. Abu ɗaya zan faɗa: yawancin makonnin farko suna ba ka zaɓi tsakanin jinga mai sauƙi da mai tsauri, kuma a mako na uku girman kai ya sa na zaɓi Tideman, wadda ke ƙirga ƙuri'un zaɓe ta hanyar gwada 'yan takara biyu-biyu. Akwai wani gurbi a cikinta da dole ka hana zagaye ya ƙullu, wato kada ya zama wane ya kayar da wane, wane ya kayar da wane, na ƙarshe kuma ya dawo ya kayar da na farko. Mako guda cur na yi a kai ban iya ba. Na sauko na yi mai sauƙin, Runoff, na wuce. Har yau Tideman na nan tana jirana, ban kuma ji kunyar faɗa ba.

Mako na huɗu shi ne wanda ya biya ni duk wahalata. Darasin ma'adanar kwamfuta ne, yadda kowane abu ke da adireshi a cikinta, da yadda kake roƙon wuri ka kuma mayar in ka gama. Jingar, Recover, ta ba mu fayil ɗin katin kyamara da aka goge hotunansa, aka ce mu dawo da su. Ashe goge hoto ba ya nufin ya tafi. Kwamfuta mantawa kawai take yi da inda ta ajiye shi. Katin a yanke yake gida-gida, kowane gida bayit 512 (bayit ma'aunin girman bayanai ne), kuma kowane hoton JPEG yana farawa da tambari iri ɗaya na lambobi huɗu, waɗanda masu kodin ke rubutawa haka: 0xff, 0xd8, 0xff, sai na huɗu da ke tsakanin 0xe0 da 0xef. Aikinka ka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, duk inda ka ga tambarin ka rufe hoton baya ka buɗe sabo.

A wannan "rufe hoton baya" na kwana uku. Ina kunna manhajar sai ta faɗi, ta bar mini kalmomi biyu a allo, ba ƙarin bayani. Na karanta kod ɗin ya fi sau ashirin. Na canza abin da ba shi da laifi, na ɓata abin da yake daidai, na dawo da shi. A dare na uku, wajen ƙarfe ɗaya, na fara yi wa kofin da ke kan teburina bayani tun da ba ni da agwagwa: "In na ga tambari, sai in rufe na baya." Sai na tsaya. A hoton farko wane na baya zan rufe? Babu. Ina umartar kwamfuta ta rufe ƙofar da ba a taɓa buɗewa ba. Layi biyu na ƙara. Na kunna, sai ga fayiloli suna zubowa a gefen allo, 000.jpg har zuwa 049.jpg, hoto 50 cif. Na buɗe na farko hannuna na rawa. Amma check50 ya bar mini ja guda ɗaya: na ware wa sunan fayil gurbi 7, tun da haruffan 000.jpg bakwai ne, na manta cewa a C kowane rubutu yana da ɓoyayyen harafi na ƙarshe mai nuna nan ya ƙare. Takwas ake so. Na gyara, duk suka koma kore, na duba agogo ƙarfe biyu da rabi, kuma ban ji ina son in kwanta ba.

Wannan daren shi ne amsar da kwas ɗin ya ba ni, kuma a ganina ita ce kaɗai amsar da zai iya ba kowa. Aikin manhaja yawancinsa zama ne a gaban abin da ya ƙi aiki, kana zargin kanka, ba ka san ko minti biyar ya rage ba ko kwana biyu. Wani in ya kai awa ta uku a haka ransa ɓaci yake yi har ya tsani kwamfutar. Wani kuma ransa na ɓaci amma ya kasa tashi. Ƙawata da muka fara tare, wadda ta fi ni ƙoƙari a aji nesa ba kusa ba, a mako na biyu ta rufe kwamfutarta ta ce, "Wallahi ba zan iya rayuwa a haka ba." Ba ta faɗi ba. Cikin mako uku ta gano abin da da ta sauya sashe sai ta yi asarar shekara kafin ta gano shi.

Mako na biyar, wanda Yaya ya gindaya mini, Speller ne: manhajar duba kuskuren rubutu da ƙamus mai kalma 143,091, kuma ana auna saurinta. Na sha wuya, na wuce. A mako na shida aka koma Python, wani yaren kwamfuta da ya fi C sauƙi, sai ka ga abin da ya ci maka kwanaki a C ya zama 'yan layuka. Da farko haushi na ji, na ce to me ya sa aka wahalar da mu? Daga baya na gane cewa wanda ya ɗauki kaya a ka shi ya san amfanin amalanke.

A makon nan ne kuma abin da ban zata ba ya faru. Jingar sunanta DNA. An ba mu dogon jerin haruffan A, C, G da T da ake rubuta ƙwayoyin gado da su, da rumbun bayanan mutane, aka ce mu gano na wane ne ta hanyar ƙirga sau nawa gajerun jeri irin su AGATC suka maimaitu a jere. Wannan ai darasinmu ne na zangon da ya wuce, wanda na zauna ina hamma a cikinsa. A yamma ɗaya na gama ta, kuma karo na farko ke nan da na ji ina da abin da sauran masu kwas ɗin ba su da shi. Na koma na buɗe littafin ajin da na yi watanni ina gudu.

Sauran makonnin SQL ne, yaren binciken rumbun bayanai, inda a jingar Fiftyville kake bin sawun ɓarawon agwagwa cikin bayanan waya da na banki da na jirgin sama, sai HTML da CSS da JavaScript na gina shafukan intanet, sai Flask, wani kayan aikin Python, da ake gina shafin saye da sayar da hannun jari. A ra'ayina wannan ɓangaren ya fi na farko gudu. Kana taɓa abubuwa da yawa sama-sama, kuma ba za ka fito gwanin gina shafi ba. Su ma ba su ce za ka fito ba, shi ya sa suke da wasu kwasa-kwasan daban a kan Python da gina shafuka da ƙirƙirarriyar basira. A ƙarshe kana gina abin da ka ga dama, ka ɗauki bidiyon da bai wuce minti 3 ba kana nuna shi. In ka samu aƙalla kashi 70 cikin ɗari a kowace jinga suna ba ka takardar shaida kyauta. Ta edX mai tantancewa ita ce ta kuɗi. Ban saya ba, kuma ban ga dalilin da ɗalibi mai auna kansa zai saya ba. Makonni goma sha ɗaya ne a tsari. Ni wata biyar na yi, da karatun aji a gefe.

Yanzu ga abin da kwas ɗin ba zai gaya maka ba, wanda kuma ba aikinsa ba ne. Digirin kimiyyar kwamfuta ba CS50 ne mai tsawon shekara huɗu ba. Na je na karɓo jerin darussan sashen da nake son komawa, na tarar da lissafi jibge: lissafin hujja da mantiƙi, aljabara, ƙididdiga, ga darasin yadda ake gina kwakwalwar kwamfuta, ga na tsarin da ke tafiyar da ita. Na roƙi wani malami a sashen ya bar ni in zauna a ajinsa sau uku. Babu fitilu, babu yaga littafi, allo ne da alli da hujjar da ta cika allo biyu. Ban tsane shi ba, amma ban ji abin da na ji a daren Recover ba. Haka kuma kwas ɗin ba ya nuna maka aikin kamfani, inda yawancin lokaci kod ɗin wani kake karantawa, wanda aka rubuta shekaru kafin ka zo, kana jiran wani ya duba naka kafin a karɓa.

Sai maganar kasuwa, wadda Baba ne ya tayar da ita. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Uwata, ban hana ki ba. Amma kada ki saki reshe ki kama ganye. Wannan samun da kike faɗa, kin bincika ko ji kika yi?" Ji na yi. Da na bincika sai na ga a watan Nuwamba na 2022 Meta, kamfanin Facebook, ya sallami ma'aikata 11,000, a Janairun 2023 Google ya sallami 12,000, Microsoft 10,000. A ƙarshen wannan Nuwamban ne kuma ChatGPT ya fito, kuma irin ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon shiga ya koyi hannu da su, yanzu na'ura na rubuta da yawansu cikin daƙiƙu. Wannan bai ce sana'ar ta mutu ba. Duk abin da muke taɓawa a waya wani ne ya gina shi, wani ke kula da shi. Amma wanda zai jefar da shekara biyu don an ce masa kuɗi na zube a can, gara ya sake lissafi.

Na kai fom ɗin wurin malamar da ke ba mu shawara a sashenmu. Ta ɗauki biro ta bi darussan da na ci ɗaya bayan ɗaya, tana yi wa waɗanda za su bi ni alama. Kaɗan ne, na gama-gari kawai. Ta ce, "Kin ga, kusan daga farko za ki koma." Na ce, "Malama, to in ke ce fa?" Ta ce ba ita ba ce, amma ta san masu nazarin ƙwayoyin gado a yau ba sa rabuwa da Python, kuma a ajinmu ba ta jin akwai mutum uku da suka iya.

Ban sauya ba. Ban ce kowa ya yi yadda na yi ba: da a zangon farko na shekarar farko nake, ko da ajin lissafin nan ya kama ni yadda Recover ya kama ni, da na cike fom ɗin ban waiwaya ba, kuma duk mai son ya gina tsarin kwamfuta tun daga tushe digirin ya fi masa. Na kuma san akwai kamfanonin da ke fara tace masu neman aiki ta sunan digiri, wataƙila wata rana in ciji yatsa a kan haka. Aikina na ƙarshe a kwas ɗin ƙaramin shafi ne da ke karɓar sakamakon gwajin girman ƙwayoyin cuta ya zana jadawalinsa, abin da muke ɓata awa guda muna yi da hannu. Mutum shida a ajinmu suna amfani da shi, kuma ɗaya daga cikinsu ta riga ta gano cewa in aka bar gurbi ɗaya ba lamba, shafin faɗuwa yake yi.

Makon jiya Yaya ya tambaye ni ina fom ɗin. Na ciro shi na ba shi. Ya juya bayansa ya ga akwatuna da kibiyoyin da na zana lokacin ina fama da Speller, ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna kibiya ɗaya da yatsa ya ce wannan ba inda take nunawa, a nan za ki zubar da ma'adana, wato ki roƙi wuri ki kasa mayarwa. Na karɓa na duba. Gaskiyarsa ce.